Kajin gado da ma'aunin iri: da me ake gane kaza "zalla" ce?

Idan mai kaji ya ce maka zakaran nan Brahma ne zalla, da me ya auna? Tambayar ta taso ne saboda yadda ake rububin manyan kajin nan masu gashi har ƙafa, ana kiran kuɗin da a da sai akuya ko tunkiya. Mai sayarwa ya rantse zalla ce, mai saye ya dawo bayan wata shida yana cewa an cuce shi, 'yan kallo su rabu biyu. Wani girma yake dubawa, wani launi, wani kuwa hujjarsa kawai ita ce daga waje aka shigo da iyayen.

A Ingila da Amurka, inda wannan sana'a ta girma, amsar tana rubuce tun sama da shekara 150. Kowane iri yana da bayaninsa daga baki har wutsiya, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen sa kajinsu su dace da wannan bayani. Su ne za su gaya maka cewa suna ba ya riƙe iri. Abin da ke riƙe shi tankaɗe da rairaya ne, shekara bayan shekara.

## Mene ne ma'aunin iri, kuma wa ya rubuta shi?

A tsakiyar ƙarni na 19 wani zazzaɓin son kaji ya kama Turawan Ingila da Amurka. Jiragen ruwa sun fara sauke wasu ƙattin kaji daga tashoshin ƙasar Sin, musamman Shanghai, irin waɗanda ba su saba gani ba. A 1849 aka yi babban baje kolin kaji a birnin Boston. A 1852 wani ɗan kasuwar kaji, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila kyautar kaji tara daga irin da aka sani yanzu da Brahma, farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Inda kuɗi ya shiga, algus na biye. Kowa ya haɗa abin da ya samu ya raɗa masa suna, alƙalan gasa kuma kowa da abin da ransa ke so.

Sai suka ga mafita ita ce a rubuta. Ingila ta fitar da kundinta na farko a 1865. A Amurka an kafa ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa, APA, a birnin Buffalo a 1873, shekara ɗaya bayan haka ta buga kundin da ake kira Standard of Perfection a yau, wanda har gobe ana sabunta shi.

Kundin yana faɗin nauyin zakara da na kaza, tsayin baya da faɗinsa, yadda wutsiya ke tashi, siffar zanko, launin ƙafa, launin fatar kunne, har yawan yatsu. Zakaran Rhode Island Red, misali, ana so ya kai kusan kilo 3.9, kazar kusan kilo 3, jikin ya zama dogo mai zurfi kamar bulo a kwance. Dorking ta Ingila yatsu biyar gare ta, ba huɗu ba. Brahma kuwa zakaranta wajen kilo 5.4 ne, kazar 4.3, ƙwauri da yatsun waje lulluɓe da gashi, zankon ƙarami kwantacce mai jeri uku kamar an jera ƙwayar wake. A riƙe maganar zankon nan, za mu dawo kanta.

Akwai kuma aibobin da ke fitar da kaza daga gasa gaba ɗaya, ba rage maki kawai ba: karkatacciyar wutsiya, tsiro a gefen zanko, ko gashi a ƙwaurin irin da ya kamata ƙafarsa ta zama sumul.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kaza ba ta da takardar asali kamar yadda ake yi wa dawakin sukuwa rajista. Alƙali ba ya tambayar wane ne ubanta. Zai zaro ta daga keji, ya buɗe fiffike, ya shafa baya, ya duba ƙarƙashin gashi, ya gwada abin da ya gani da abin da aka rubuta. Mai kiwo kuma yana da gwaji na biyu da ya fi wannan tsauri, wato ko 'ya'yanta za su fito kamarta.

## Su wane ne kajin gado?

Kalmar sabuwa ce duk da kajin tsofaffi ne. Ƙungiyar Livestock Conservancy, wadda aka kafa a 1977 don ceto irin dabbobin gona da ke shirin ɓacewa a Amurka, ita ta fitar da ma'anarta a 2009, don 'yan kasuwa sun fara liƙa sunan a kan kowane nama. Ta kafa sharuɗɗa huɗu. Irin ya zama wanda APA ta amince da shi tun kafin tsakiyar ƙarni na 20. Zakara ya iya taka kaza da kansa ba da taimakon ɗan Adam ba. Kajin su iya rayuwa a waje su daɗe suna amfani, kaza shekara 5 zuwa 7, zakara 3 zuwa 5. Sannan girmansu ya zama a hankali, kada su isa yanka kafin mako 16.

Ma'ana ce ta Amurkawa, don kasuwar Amurka. Fayoumi ta Masar, wadda ta daɗe a gaɓar Nilu kuma ta yi suna wajen jure zafi da cuta, ba ta cikin kundin APA, saboda haka a wannan ma'auni ba ta shiga. Kajin gidanmu ma haka. Wannan bai rage musu komai ba, sai dai ya nuna cewa ma'aunin iri yarjejeniya ce ta mutane, ba dokar halitta ba.

## Yadda aka kusa rasa su

Har zuwa yaƙin duniya na biyu, kazar manomin Amurka ɗaya ce, tana ƙwai ana cin zakarunta. Plymouth Rock, Rhode Island Red, Wyandotte da makamantansu su ke cika gonaki. Daga 1946 zuwa 1948 babban kamfanin kantuna na A&P ya ɗauki nauyin wata gasa ta neman "kazar gobe", mai faffaɗan ƙirji da saurin girma. A zagayen ƙarshe da aka yi a jihar Delaware a 1948, Charles Vantress na California ya ci da haɗin Cornish da New Hampshire, gonar Arbor Acres ta Henry Saglio kuma ta yi fice da fararen Plymouth Rock. Duk mai sayen 'yan tsakin buroila a Kano ko Kaduna ya san sunan Arbor Acres, to asalin labarin daga nan ne.

Abin da ya biyo baya, masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun auna shi a wani nazari da suka buga a 2014. Sun ciyar da buroilar 1957 da ta 2005 abinci iri ɗaya. A kwana 56 ta 1957 tana da giram 905, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4.2. Wane manomi zai ci gaba da ciyar da kaza mako 16 alhali ga wadda ke isa kasuwa a mako shida? Cikin 'yan shekaru irin su Delaware, wadda aka samar a 1940 musamman don nama, suka zama abin nema da fitila. Yanzu Livestock Conservancy tana fitar da jerin irin da ke cikin haɗari kowace shekara, kuma matakin da ya fi muni shi ne na waɗanda masu haihuwarsu ba su kai 500 ba a duk faɗin Amurka.

Buroila da leyas na kamfani 'yan ruwa biyu ne, ko ma ruwa huɗu, domin daga zuri'o'i daban-daban da kamfani ke tsare da su ake haɗo su. Idan ka tara ƙwansu ka ƙyanƙyashe, 'ya'yan za su tarwatse, wani babba wani ƙarami, don haka dole ka koma ka sayi sabbin tsaki. Kazar gado ita ke haifar irinta. Wannan shi ne darajarta ta gaskiya, ba kyan gashi ba.

## Zaɓe: aikin hannu da sikeli

Nan ne aikin yake. Haihuwar irinta da muka ce ba ta nufin kowane ɗan tsako zai fito daidai. Garken da aka bari zakara ya taka wadda ya ga dama, aka ƙyanƙyashe duk ƙwan da aka samu, cikin 'yan shekaru zai ƙanƙance, baya ya tsuke, ƙirji ya shafe, launi ya koɗe, suna dai yana nan. Shi ya sa a Amurka ake bambanta kajin manyan gidajen ƙyanƙyasa, masu neman yawa, da na masu kiwo bisa ma'auni. Sunansu ɗaya, amma idan ka ajiye su gefe da gefe sai ka rantse ba dangi ba ne.

Ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce a ƙyanƙyashe da yawa a ajiye kaɗan, kimanin ɗaya cikin goma. Mai tsaki 100 zai ƙare da masu haihuwa wajen 10, sauran 90 na tukunya ne ko na masu son ƙwai kawai. Wanda ya lissafa abincin da casa'in ɗin nan suka ci kafin a gane ba su ne ba, zai fahimci dalilin tsadar kaza mai kyau.

Zaɓen yana farawa tun ranar ƙyanƙyasa. Mai karkataccen baki, mai lanƙwasassun yatsu, mai rauni, a ware. Sauran a yi musu alama, ko dai a huda fatar da ke tsakanin yatsu ko a maƙala lamba a fiffike, don a san ɗan wace kaza ne. A mako takwas a ɗora a sikeli a rubuta. A mako 16 ake babban zama.

Ga yadda ake yi. Ka kama matashin zakara, ka kwantar da ƙirjinsa a tafin hannunka, ƙafafun a tsakanin yatsunka, kansa na fuskantar gwiwar hannunka, zai natsu. Da ɗaya hannun ka fara taɓa ƙoƙon kai, faffaɗa ake so. Ka zagaya jikin ta bayan fukafukai da yatsu ka ji faɗin wurin da zuciya da huhu suke. Ka shafa tafinka a kan baya daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya: shimfiɗaɗɗe ne, kuma faɗin ya kai har ƙarshe, ko ya tsuke kamar bakin kwalba? Ka bi ƙashin ƙirji da yatsa ka ji ko miƙaƙƙe ne, dogo, da tsoka a gefe biyu. Sai ka ajiye shi ka ɗauki na biyu. Wanda ya fi a cikinsu shi zai kara da na uku, haka har garken ya ƙare. Gashi yana ruɗin ido ƙwarai. Zakaran da ya fi kowa cika fili, sau da yawa idan ya shiga hannu sai ka ji ba komai sai iska. Kuma gwajin ba ya da ma'ana sai tsakanin sa'o'in juna, jinsi ɗaya, masu cin abinci ɗaya.

Kaza mai ƙwai ita ma hannu ke gano ta. Akwai ƙasusuwa biyu masu tsini a gefen duburarta. Idan yatsu uku suka shiga tsakaninsu, wurin kuma da laushi da danshi, tana kan aiki. Yatsa ɗaya, ta tsaya ko ba ta fara ba. A irin masu rawayar ƙafa, launin yana koɗewa yayin da kaza ke zuba ƙwai, daga dubura zuwa gefen ido, zuwa baki, daga ƙarshe ƙwauri. Saboda haka kazar da ta kai ƙarshen shekara da ƙafa rawaya shar da gashi lumi-lumi, mai yiwuwa ita ce malalaciyar gidan. Wadda ta yi buji-buji, ta makara wajen zubar da gashi, ita ta yi wahala.

Launi shi ne na ƙarshe. Tsofaffin masu kiwo na cewa siffar jiki ita ke nuna iri, launi reshe kawai yake nunawa, kuma gyaran launi ya fi gyaran ƙashi sauƙi nesa ba kusa ba. An gwada wannan hanya a kan Buckeye, irin da wata mata, Nettie Metcalf, ta samar a jihar Ohio, APA ta karɓa a 1904. Daga 2005 Livestock Conservancy ta ɗauki ragowar garken da ya lalace ta riƙa zaɓe da hannu da sikeli, ba tare da sa jinin wani iri ba, cikin 'yan shekaru kajin suka ƙara nauyi suka kuma rage lokacin isa yanka.

## Abin da ke ɓoye a cikin jini

Na taɓa sayen zakara da kaza biyu a hannun wani, duka da gashin ƙafa da ɗan kwantaccen zankon nan, ba abin da za ka kushe. Da aka ƙyanƙyashe ƙwansu, tsaki suka fara girma, sai ga wasu da zanko tsayayye mai tsini-tsini irin na zakarun unguwa, ɗaya ma ƙwaurinsa kusan sumul. Na ɗauka wani zakara ne ya tsallako katanga. Babu wanda ya tsallako.

Bayanin ya tsufa. Tun farkon ƙarni na 20 William Bateson da Reginald Punnett a Cambridge suka nuna cewa zanko mai kama da wake yana rinjayar tsayayye wajen gado. Gashin ƙafa ma mai rinjaye ne. Idan ka haɗa zakaran Brahma na gaske da kazar gida, 'ya'yan farko za su ɗauko zankon uban da gashin ƙafarsa, a ido kamar Brahma. Sai an haɗa waɗannan 'ya'yan da juna abin da ke ɓoye zai fito, kusan ɗaya cikin huɗu da tsayayyen zanko. Ɗan tsako ɗaya mai irin wannan zanko ya isa shaida cewa uwa da uba duka suna ɗauke da shi. Kama da wane ba ta wane.

Wani lokacin kuma ma'aunin kansa ne ke neman abin da jini ba ya bayarwa kai tsaye. A irin kajin Andalusian, shuɗiya ake so, amma shuɗi da shuɗi rabin 'ya'yansu ne kawai shuɗɗa, kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe, ɗaya cikin huɗu farare masu ɗigo-ɗigo, kuma duka zalla ne. A Scots Dumpy da ƙananan kajin Japan masu gajerun ƙafafu abin ya fi muni. Idan aka haɗa gajere da gajera, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsakin a cikin ƙwai suke mutuwa.

## Auren gida ba tare da an kashe gida ba

Mai son kafa siffa dole ya haɗa dangi da dangi, domin duk sabon jinin da ya shigo da nasa kayan yake zuwa. Amma idan zumuncin ya yi kusa da yawa, wa da ƙanwa shekara da shekaru, ƙwai zai rage ƙyanƙyasuwa, tsaki su riƙa fitowa da rauni. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a raba garke gida uku. Kowane ɗan tsako ɗan gidan uwarsa ne. Mata ba sa barin gidansu, zakaru ne ke zagayawa: na gida na ɗaya ya tafi na biyu, na biyu ya tafi na uku, na uku ya dawo na ɗaya. Da wannan ana iya shekaru masu yawa ba a nemi zakara a waje ba.

Ba a haɗa biyu masu aibi iri ɗaya. Kuma zakara shi kaɗai rabin garke ne, tunda kowane ɗan tsako rabinsa nasa ne, saboda haka kuskure a kansa ya fi kuskure a kan kaza goma tsada.

## Masu ado da masu amfani

Ba kowa ya yarda ma'aunin ya yi wa kaji alheri ba. Masu suka suna kawo misalin Orpington, wadda William Cook ya fitar a Ingila a 1886 don ƙwai da nama. 'Yan gasa suka bi yawan gashi har ta zama kamar matashin kai, ƙwai ya ja baya. Waɗanda aka kai Ostareliya kuwa ƙwai aka bi, suka zama Australorp, wadda ɗaya daga cikinsu ta yi ƙwai 364 a kwana 365. Rhode Island Red ma ta rabu biyu, ja mai duhu ta gasa da ja mai haske ta gidajen ƙwai.

Ɗaya ɓangaren, irin su Frank Reese na jihar Kansas wanda ya daɗe yana kiwon tsofaffin iri don nama, suna cewa laifin na masu karatun ne. Manoma ne suka rubuta kundin, kuma faɗin baya da zurfin jikin da ya ambata wurin ƙwai ne da nama. Ni a ganina suna da gaskiya a kan irin gona kamar Plymouth Rock. A kan irin ado kuwa, inda ake ba da lada don gajerun ƙafafun da ke kashe tsaki a ƙwai, masu suka sun fi su hujja.

## Me ya shafi mai kiwo a nan?

Na farko, aljihu. Kafin ka biya kuɗin "zalla", nemi ganin iyaye, ka kuma nemi ganin 'yan'uwan da aka ƙyanƙyashe tare. Idan sun yi kama da juna kamar an buga su a injin ɗaya, alama ce mai kyau. Ka ɗora a sikeli, ka duba zanko.

Na biyu, yanayi. Brahma a Amurka aka gina ta, kuma kazar sanyi ce. Kaza ba ta gumi, ta zanko da leɓatu da haki take fitar da zafi, ita kuwa zankonta ƙarami ne, gashinta kamar bargo. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi sai da inuwa da ruwan sanyi, da damina kuma gashin ƙafar yana kwasar laka. Tana makara wajen fara ƙwai. Wanda ke kiwonta don sha'awa ko don sayar wa masu sha'awa ya san abin da yake yi. Wanda ya saya da zaton ita za ta maye gurbin buroila zai sha mamaki.

Amma abin ɗauka mafi girma hanyar ce, ba kajin ba. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar da kazar ShikaBrown, jami'ar noma ta Abekuta ta fitar da FUNAAB Alpha, duka ta hanyar zaɓe na shekaru. Kajin gidanmu, har da manyan nan da ake kira na Fulani da masu wuya ba gashi waɗanda suka fi jure zafi, babu wanda ya rubuta musu ma'auni, kuma zaɓen da muke yi musu a juye yake. Baƙo ya zo, a kama babban zakara. Sallah ta matso, a kai mafi ƙiba kasuwa don shi ke da kuɗi. Wanda ya tsira ya taka kajin gidan shi ne ƙanƙanin da ba wanda ya taya, sannan mu ce kajin Hausa ba sa girma.

Matar da ke da kaji goma sha biyar a bayan ɗaki ba ta buƙatar kundin Amurka don juya wannan. Ta kama zakarun da aka ƙyanƙyashe tare, ta gwada su biyu-biyu a hannu, ta ɗaura wa wanda ya fi jan zare a ƙafa, kowa a gidan ya san wannan ba na wuƙa ba ne. Sauran su tafi tukunya ko kasuwa kafin su fara taka kaji. Sai ta jira kamar mako uku kafin ta tara ƙwan da za ta sa wa mai kwanci, domin kaza tana riƙe irin tsohon zakara a jikinta tsawon wannan lokaci.